Shaidar da Malam Dalhatu Bai Bayar Ba

Duk wanda ya saba shiga kasuwar hatsi ta Bungudu a 'yan shekarun nan ya san Malam Dalhatu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai siririyar fuska da yake zama a ƙarshen rumfar masu awo, da basilla a hannu, yana ɗinke buhunan da suka ɓarke. Ba ya shiga gardama, ba ya tsoma baki a ciniki, kuma in an gaishe shi yakan amsa da kai a sunkuye. Masu awo suna cewa haka Allah ya halicce shi. Gaskiya ne, amma ba ita ce dukan gaskiyar ba.

Asalinsa mutumin Karakkai ne. Kakanninsa makiyaya ne da suka gaji da yawo suka kafa bukka, 'ya'yansu suka gina ɗakunan ƙasa, jikokinsu suka tashi manoman gero da dawa masu riƙe da 'yan shanu a bayan gida. Dalhatu ya yi karatun allo gwargwado, ya iya noma ƙwarai, ya auri Dije, 'yar ƙanen mahaifiyarsa, suka zauna lafiya. Abin da ya gada daga iyayensa wanda ya fi gona da shanu ƙarfi a jikinsa shi ne kunya.

A gidajen irin su, ɗan fari ba na iyayensa ba ne a idon jama'a. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa, ba ya nuna ya san da zamansa. Ranar da aka raɗa wa 'yarsa ta fari suna Ummulkhairi, Dalhatu ya saɓi fartanya tun kafin baƙi su taru, ya yini a gona, alhali kuwa rani ne, babu abin nomewa. Da aka yaye ta, yayarsa Amina ta ɗauke ta ta riƙe. Ba don ba ya son yarinyar ba ne. Duk ranar kasuwa yakan biya ta gidan Amina da rake ko ƙuli-ƙuli, ya ajiye a bakin ƙofa ya ce, "A ba yaran gida," alhali yarinya ɗaya ce tak a gidan. Shi ya sayar da maraƙi aka sa ta makaranta a Bungudu, amma ya bari aka ce Amina ce ta yi. In dole ta sa zai ambace ta, sai ya ce "waccan".

Da ta girma ta zaɓi mijinta da kanta, wani direban babbar mota daga Tsafe mai suna Lukuman, wanda yake kai shanu kudu. Aka yi biki, ta tare. Shekaru suka yi ta wucewa babu haihuwa, har dangin miji suka fara magana a ɓoye, sannan a fili. Sai Allah ya kawo ciki. Laulayin ya zo mata da wuya, mijin kuma kullum yana hanya, saboda haka aka mayar da ita Karakkai ta huta. Amina ta riga ta rasu, don haka a ɗakin Dije ta sauka. Uba da 'ya suka zauna gida ɗaya, suna magana ta bakin Dije.

"Ki ce wa waccan ta bar ɗaukar tulu," in ji Dalhatu, yana kallon katanga.

"Ga ta nan a gabanka, tana jin ka," in ji Dije, ita ma ba ta dube ta ba.

Wata rana a tsakiyar damina, Dije ta tafi Wonaka ta'aziyya, sauran mutanen gida kuma duk suna gona. Da hantsi ƙotar fartanyar Dalhatu ta karye, ya komo gida ya ɗauki wata. Yana shiga ya tarar da Ummulkhairi kwance a gindin randa, zanenta ya jiƙe da jini, jikinta yana rawa. Ta buɗe ido ta ce, "Baba." Ya leƙa gidan maƙwabta ko zai sami mace, bai sami kowa ba sai kaji. Ya dawo, ya durƙusa, ya ɗora ta a bayansa. Wannan ne karo na farko da ya taɓa ɗaukar 'yarsa, tana neman shekara talatin a duniya. Haka ya tafi da ita har bakin titi, yana jin ɗumin jini yana bin bayan rigarsa.

Mai motar da ya tsaya musu ya ce ya san wani ƙaramin asibiti a Damba, cikin Gusau, inda aka karɓi haihuwar matarsa, kuma akwai wata ungozoma a can mai albarkar hannu. Can suka nufa. Likitan wurin ya yi tafiya, sai ungozomar suka tarar, wadda ake kira Sista Hanatu. Mace ce gajera kakkaura, haifaffiyar Tsafe, mai takardar aiki da dogon sani, mai saurin hannu da saurin baki. Ta shige da marar lafiyar ɗaki, ba ta daɗe ba ta fito.

"Ina mijinta?"

"Yana kudu da mota. An kira, wayar ba ta shiga."

"To kai, Baba, wane ne kai a wurinta?"

Dalhatu ya dubi ƙasa. "Ɗiyar gidanmu ce."

Hanatu ta zagaya ta dubi bayan rigarsa, sannan ta dube shi. "Ɗiyar gidanku, ka goyo ta har rigarka ta koma haka? Ta fari ce ke nan. Ni ma ta fari ce a gidanmu. Har tsohona ya koma ga Allah bai kira sunana ba, sai dai ya ce a kira gajerar nan. To ka saurara, don ba ni da lokaci. Ruwan cikin ya fashe, jini ya ƙi tsayawa, zazzaɓi ya shiga jikinta. Abin da ke cikin bai isa rayuwa a waje ba, a ciki ma ba zai kai gobe ba. In na tsaya jiran ya ƙare da kansa, tare za su tafi."

"A yi abin da ya dace," in ji Dalhatu.

"Ba kai zan tambaya ba, ita zan tambaya. Kai dai zo ka ji."

Bai iya shiga ɗakin ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, Hanatu ta ɗage labule ta riƙe. Ta sunkuya ta yi wa Ummulkhairi bayani da kalmomi kaɗan, ta tambaye ta ko ta yarda. Muryar ta fito a hankali, amma ta fito sarai.

"Na ji, Sista. Ki cire. Ina so in rayu."

"Baba, ka ji?"

Ya gyaɗa kai. Wata ma'aikaciya ta kawo takardar da dangin marar lafiya suke dangwala wa yatsa, wadda sai an faɗi sunan marar lafiyar da dangantakar mutum da ita kafin a cike. Hanatu ta dubi dattijon, ta ture takardar gefe.

"Bar shi. Kada mu sa tsoho ya faɗi abin da bakinsa bai saba ba. Ai ya ji."

Ita kuwa Ummulkhairi ta riga ta fara fita hayyacinta, ba a tsaya neman sa hannunta ba. Aka saki labule, aka rufe ƙofa. Dalhatu ya zauna a kan benci yana jan carbi. Bayan la'asar Hanatu ta fito tana share gumi, ta ce masa ɗiyar gidansu za ta tashi, in Allah ya so, kuma ya nemi wata riga kafin ya tsorata yaran unguwa. Ya yi mata godiyar da bai taɓa yi wa mahaluki ba. Rigar kuwa Dije ta wanke ta har hannunta ya yi zafi, tabon ya ƙi fita, sai Dalhatu ya naɗe ta ya jefa a ƙasan adaka.

Ba a yi mako biyu ba magana ta canza kama a Tsafe. Aka ce da rai aka fitar da abin da ke cikin, aka ce ba a nemi uban cikin ba, aka tuna cewa miji da mata sun sami saɓani kafin ta tafi gida. Yayan Lukuman, Alhaji Muhammad Sani, wanda shi ne babba a gidansu, ya kai ƙara wurin 'yan sanda, aka kama Hanatu. Sannan ya zo Karakkai da ƙullin goro, Dalhatu ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, kowannensu yana kallon gefe kamar yadda surukai suke yi.

"Malam, mu ba mu da rigima da ɗiyarku," in ji Alhaji Muhammad Sani. "Tamu ce, ɗakinta na nan yadda ta bar shi. Amma ka san shekarun da munka yi muna jiran wannan ciki. Yaron nan tun da ya dawo bai ci abincin kirki ba. Wanda ya san doka ya ce mini, in ta tabbata da yardarta aka yi, ita ma sai ta tsaya inda masu laifi ke tsayawa. In kuwa ba ta san inda kanta yake ba, to matar nan ce kaɗai za ta amsa. Kai dai ai kana waje, ko ba haka ba?"

Dalhatu bai ce i ba, bai ce a'a ba. Baƙon ya ɗauki shirun a matsayin amsa, ya yi sallama ya tafi. Da Dalhatu ya nemi wani masani ya tambaye shi ko haka dokar take, da ya ji cewa ba haka take ba in rai ake ceto. Amma tambayar tana bukatar ya zauna a gaban wani namiji ya kwatanta masa jikin 'yarsa ta fari, da abin da ya gani a gindin randa. Bai tambayi kowa ba.

A wata ƙaramar kotu a Gusau aka yi shari'ar. Likitan ya ce shi ba ya gari, bai ga marar lafiyar ba. Ma'aikaciyar da ta kawo takarda ta ce ita dai an ce ta mayar, ta mayar. Ummulkhairi, wadda ta koma ɗakinta a Tsafe, ta ce ba ta iya rarrabe abin da ya faru da abin da zazzaɓi ya nuna mata, kuma gaskiya ta faɗa. Saura mutum ɗaya. Lauyan Hanatu ya tabbatar mata cewa da zarar uban ya buɗe baki shari'a ta ƙare, domin shi ya ga jinin, shi ya ji tambayar, shi ya ji amsar.

Dalhatu ya shiga akwatin shaida ya ɗaga kai sau ɗaya. Ga surukinsa Lukuman a bencin gaba, ga Alhaji Muhammad Sani, ga mutanen Karakkai da suka rako shi, ga ita waccan a baya ta rufe fuska da hijabi.

"Malam, mece ce dangantakarka da matar da aka kai asibiti?" in ji lauyan.

"Ɗiyar gidanmu ce."

"'Yarka ce ta cikinka?"

"Haka mutane ke cewa."

Aka yi dariya a bayan kotu, dariyar waɗanda suka san al'adar kuma suka ji daɗin ganin an kiyaye ta. Lauyan ya jira aka yi shiru.

"Wa ya ɗauko ta daga gida?"

"An dai ɗauko ta."

"Da ka gan ta, wane hali take ciki?"

Amsar tana bakinsa, amma amsar zane ce da jini da bayan riga, kuma zai faɗe ta ne a gaban mijin 'yarsa da dattawan garinsu. Ta bayan kunyar kuma ga tsoron da aka dasa masa a zaure. Shi kansa daga baya ya kasa sanin wanne ne ya fi rinjayarsa.

"Lamarin mata ne, ranka ya daɗe."

"Ka ji an tambaye ta ko ta yarda? Ka ji ta amsa?"

"Ni ina waje."

Daga inda aka tsayar da ita, Hanatu ta ce, ba da ƙarfi ba, "Baba, rigar fa?" Alƙali ya tsawata mata. Dalhatu bai waiwaya ba.

Alƙalin ya ce bai ga shaidar da ta nuna rai yana cikin haɗari ba, bai ga yardar matar ba, bai ga izinin miji ba. Ya yanke wa Hanatu ɗaurin watanni, aka kuma dakatar da takardar aikinta. A hanyar komawa gida mutanen Karakkai suka yi ta yaba wa Dalhatu, suna cewa ya nuna shi ɗan asali ne, bai zubar da mutunci a gaban baƙi ba. Shi kuwa ya juya fuska ga tagar mota har suka isa.

Auren da ya yi shiru domin ya tsare bai kai kaka ta biyu ba. Lukuman ya kasa kallon matarsa ba tare da tuna cikin ba, ita kuma ta kasa zama da mutanen da suka ɗaure wadda ta cece ta. Aka rabu, ta komo Karakkai. Wata rana da yamma Dalhatu yana bayan danga yana gyaran igiyar shanu, ya ji ta tana magana da Dije, da muryar da aka ɗaga domin na bayan danga ya ji.

"Inna, ki tambayar mini shi. Mafarki na yi, ko kuwa yana tsaye a bakin ƙofa lokacin da aka tambaye ni?"

Dalhatu ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci, ko da yake lokacin salla bai yi ba.

Wasu lauyoyi mata ne suka ji labarin suka ɗaukaka ƙara, ba tare da sun nemi Dalhatu ba, domin abin da ya faɗa ya riga ya shiga rubutun kotu. Shari'ar ta ɗauki shekaru, ana ɗagawa ana sake ɗagawa. A ƙarshe kotun sama ta rushe hukuncin. Mai shari'ar ya ce dokar da ta haramta zubar da ciki ita ce kuma ta keɓe abin da aka yi da kyakkyawar niyya domin ceton ran uwa. Ya ce kundin tsarin mulkin ƙasa ya ba kowane mutum 'yancin rayuwa, bai rataya na mace a kan izinin mijinta ko na dangin mijinta ba. Ya ce masu ƙara ne ya kamata su tabbatar da laifi, ba wadda ake tuhuma ce za ta tabbatar da tsarkinta ba. Daga nan ya ƙara da cewa abin mamaki ne a ce mutum ya rako marar lafiya tun daga ƙauye har birni, amma bai ga komai ba, bai ji komai ba. Lauyoyi suka yi murna da hukuncin, suna cewa za a daɗe ana kafa hujja da shi. Jimlar mai shari'ar ta ƙarshe kaɗai ce ta iso kunnen Dalhatu yadda take.

Hukuncin ya wanke Hanatu, amma ya tarar da ita a kan kujera. Ta fito daga gidan yari da hawan jini, ba a jima ba ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da aka mayar mata da takardar aikinta, hannun da zai yi aikin ba ya ɗaguwa. Dalhatu ya ji wannan ma. Ya yi niyyar zuwa, ya ce sai an gama shuka, ya ce sai an kai amfani gida, har niyyar ta tsufa tare da shi.

Ummulkhairi ta sake aure a Bungudu, Allah ya ba ta 'ya mace, ta roƙi mijinta aka sa wa jaririyar suna Hanatu. Da rashin tsaro ya hana noma a gonakin nesa, shanun ma suka ƙare, Dalhatu da Dije suka taso suka kama ɗaki kusa da ita, ya koma ɗinkin buhu a kasuwa. Jika ba a jin kunyarta, abokiyar wasa ce, saboda haka sunan da ya fi kowane suna yi masa nauyi shi ne ya zama wanda yake kira safe da yamma.

"Hanatu, zo ki karɓi alawa."

"Ba na so, tsohon miji, na sake ka tun jiya."

Yakan yi dariya, dariyar ba ta kai idonsa.

A daminar da gidajen rediyo suka yi ta kawo labarin babbar kotun Amurka da ta soke tsohon hukuncinta a kan zubar da ciki, masu awo suka sami abin gardama. Garba, wanda rumfarsa ke jikin wurin zaman Dalhatu, shi ya fi kowa zaƙewa.

"Ku ji mutane, sun yi shekara da shekaru a kan magana ɗaya, yau sun ce ba haka suke nufi ba."

"Ai alƙalai ne suka canza, ba maganar ba," in ji wani.

"Mu ma an taɓa yin irinta a Gusau," in ji Garba, wanda baƙo ne a garin, bai san da wa yake zaune ba. "Wata ungozoma ta ceci mace, aka ɗaure ta. An ce uban yarinyar da kansa aka kira shaida, ya ce shi yana waje. Uba fa. Malam Dalhatu, an ce mutanen wajenku ne. Ka san shi?"

Waɗanda suka sani suka sunkuyar da kai a kan mudunsu. Dalhatu ya ja zaren buhu ya ɗaure, ya ce, "Na san shi."

Washegari bai je kasuwa ba. Ya buɗe adaka ya ciro rigar, ya sa ta a leda, ya shiga motar Gusau. A Damba ya tarar asibitin ya zama shagon sayar da siminti, amma mai shayin bakin hanya ya san gidan. Ya yi sallama a zaure. Wata budurwa ta leƙo, ya faɗa mata ko shi wane ne, ta koma, sannan ya ji murya daga ciki, ta yi nauyi amma bai kasa gane ta ba.

"Ki ce masa ya shigo. Ni ba na iya fita, shi kuma ya tsaya a waje ya isa haka."

Tana zaune a inuwar darbejiya a tsakar gida, hannunta na dama ajiye a kan cinya, ga faranti na kayan miya da take sayarwa a gefe. Ya tsuguna nesa da ita suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, domin kowannensu yana jinkirta abin da zai biyo baya. Da gaisuwa ta ƙare ya kwance ledar ya shimfiɗa rigar a ƙasa. Tabon ya koma ruwan ƙasa, amma yana nan daga kafaɗa har gindin riga.

"Ga ta," in ji shi.

Hanatu ta daɗe tana kallonta. "Ka kawo ta inda ba a shari'a, Baba."

"Na zo ki yafe mini."

"Na yafe tun ina ciki, don ban ga amfanin kwana da kai a raina ba, ga sauro ga zafi. Rabin laifin ma nawa ne. Da na kama yatsanka na dangwala a takardar nan, da ka ji kunyar minti ɗaya an wuce wurin. Sai na tuna tsohona na tausaya maka." Ta gyara hannun da ya shanye da ɗayan hannun. "Ba ɗaurin ne ya fi ci mini rai ba. Matan da aka kawo da hantsi irin wancan, aka ce musu Sista ba ta nan, su nake tunawa. Ban san yadda suka ƙare ba."

Sannan ta dube shi ta ce, "Tana lafiya?"

"Lafiya lau. Ta sami ɗiya, an sa mata sunanki."

"Wa ke nan? Ni mata da yawa sun bi ta hannuna, ban san wadda kake nufi ba."

Ya gane abin da take nema. Ya dubi ƙasa, ya dubi rigar. Budurwar da ta kawo ruwa ta tsaya da kofi a hannu.

"Ummulkhairi," in ji shi. Sunan ya fito a karkace, kamar na baƙon harshe. "Ɗiyata ta fari. Ni na goyo ta. Na ji kin tambaye ta, na ji ta ce ki cire."

"To," in ji Hanatu. "Da wannan ka faɗa a gaban alƙali, da na yi ritaya da hannuna lafiya. Amma ka faɗa. Sha ruwa, ka ɗauki rigarka, ba ni da wurin ajiye ta."

Ya iso Bungudu bayan la'asar. Maimakon ya wuce ɗakinsa, sai ya tsaya a ƙofar gidan 'yarsa. Tana tsakar gida tana tankaɗe, Dije ba ta nan balle a bi ta bakinta. Ta shimfiɗa masa tabarma ta koma gefe, kamar yadda ta saba. Ya zauna da ledar a kan cinyarsa, yana kallon katanga.

"Ba mafarki kika yi ba," in ji shi. "Ina tsaye a bakin ƙofa."

Rariyar ta tsaya a hannunta. Ba ta dube shi ba, shi ma bai dube ta ba.

"Na daɗe da sani, Baba," in ji ta. "Inna ta nuna mini rigar tun muna Karakkai."

Ta ci gaba da tankaɗe. Ya zauna nan har aka kira magariba, sannan ya tashi ya tafi da ledarsa.